In ya sauka, wa zai tarbe shi? Fashin baƙi kan hidimar ɗalibi baƙo a jami'a

Ranar da ɗan ƙanwata ya samu takardar karɓa daga wata jami'a a ƙasar waje, sai da aka yi shayi zagaye uku a ƙofar gidanmu da ke Birni. Takardar ta bi hannu-hannu, wanda ya iya Faransanci ya karanta, wanda bai iya ba ya shafa tambarin ya sa albarka. Uwar yaron kaɗai ce ba ta taɓa ta ba. Da na shiga cikin gida ta ce mini, "Yaya, in ya sauka, wa zai tarbe shi?" Na ce jami'a mana. Ta ce, "Jami'a ai gini ce. Ni mutum nake tambaya."

Na yi mata dariya a lokacin. Bayan wata biyu, wajen ƙarfe ɗayan dare, sai ga kiran yaron ta WhatsApp. Yana zaune a kan jakarsa bakin ƙofar gidan kwanan ɗalibai, mai gadi ya duba jerin sunaye har sau biyu bai gan shi ba, ofishin da ke rubuta jerin kuma sai bayan kwana biyu zai buɗe. Ya ce, "Kawu, wai jami'a daban, site, wato gidan kwana, daban. Sun ce takardata ta aji ce, ba ta ɗaki ba." Daga ƙarshe wani ɗan Maraɗi da ke shekara ta uku ne ya sauko da silifas, ya shigar da shi, ya shimfiɗa masa bargo a ƙasa.

Mu mutanen Damagaram bai kamata wannan ya zo mana a baƙon abu ba, tunda da saukar baƙi aka gina rabin garinmu. Unguwar Zango ai masaukin ayari ce, inda fatake daga Agadas da bayanta suke sauke raƙuma a wajen ganuwa. Farke ba ya shiga gari haka kawai, yana da mai masauki. Shi zai ba shi ɗaki da tuwon kwanakin farko, shi zai ajiye masa kaya, ya yi masa tafinta, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in magana ta kai fada. In rai ya yi halinsa, shi zai yi masa sutura ya tsare dukiyar har magada su zo. Duk waɗannan a hannun mutum ɗaya suke, kuma an san ƙofar gidansa. Abin da jami'o'in zamani suke kira hidimar ɗalibai baƙi, aikin nan ne na mai masauki, sai dai an yanka shi gunduwa-gunduwa an raba wa ofisoshi, wasunsu ma ba sa ƙarƙashin jami'ar.

A nan iyaye suka fi ruɗewa, don tsarin iri biyu ne. A ƙasashen da suka gaji Faransa, aikin jami'a koyarwa da jarrabawa da ba da digiri. Kwana, ci, motar ɗalibai, ɗakin shan magani da wasanni suna hannun wata hukuma mai shugabanta da kasafinta. A Faransa sunanta CROUS, a Aljeriya ONOU, a nan Nijar CROU, kowace jiha mai jami'a da tata. Jamus ma, ko da yake ba ta gaji kowa ba, haka ta raba nata. Saboda haka shugaban jami'a yana iya sa hannu ya karɓe ka, alhali hukumar da ke riƙe da makullin ɗaki ba ta taɓa jin sunanka ba. Neman ɗaki takarda ce daban, mai lokacinta daban, kuma sau da yawa lokacin yakan ƙare tun baƙo bai samu biza ba. A ƙasashen da suka gaji Ingila, kamar Najeriya, gidajen kwana mallakar jami'a ne, ƙarƙashin sashen kula da harkokin ɗalibai. Ƙofa ɗaya za ka ƙwanƙwasa, amma gadon bai kai yawan masu nema ba, wanda bai samu ba sai ya nemi haya a unguwannin da ke kewaye, irin su Samaru a Zariya. Amurka da Ingila kuwa sun mayar da baƙo abokin ciniki: yana biyan kuɗin makaranta mai nauyi, su kuma su buɗe masa ofishi na musamman, su shirya makon gabatarwa kafin a fara karatu, wasu har mota suke aikawa filin jirgi.

Tallafin da ya fi kusa da mai masaukin gargajiya shi ne wanda ya haɗe komai a ƙulli ɗaya. Na gwamnatin Turkiyya misali ne: tikitin jirgi, ɗaki, inshorar lafiya, kuɗin wata, da shekara guda ta koyon Turkanci kafin a shiga aji. Shi ya sa nake ce wa iyaye, kalmar "burs", wato tallafin karatu, ita kaɗai ba ta isa a yi guɗa ba. A tambaya me da me ke cikinta. Wata kuɗin makaranta kawai ta ɗauke, ta bar maka yaron da cikinsa.

Ofishin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne wanda hotonsa ba ya fitowa a tallar jami'a. Za a nuna maka ɗakin karatu mai gilashi da filin ƙwallo kore shar, amma ba a nuna ƙaramin ɗakin da wata ma'aikaciya ke zaune da tarin fasfo. Ɗan gida in ya faɗi jarrabawa, maimaita aji zai yi. Baƙo in ya faɗi, zamansa a ƙasar ma yana iya faɗuwa, don izinin zamansa rataye yake a wuyan karatunsa. A Amurka jami'a ce ke ba da takardar I-20, wadda da ita ake neman bizar karatu, kuma akwai jami'in da doka ta ɗora wa sanar da gwamnati halin da kowane baƙo yake ciki ta rumbun SEVIS, wanda ɗalibin ya biya wa dala 350 tun kafin ya je neman biza. Ka rage darussa ƙasa da ƙa'ida ba tare da izininsa ba, ka fita daga doka kana zaune cikin aji. Wato mutumin da ke ba ka shawara shi ne kuma idon hukuma a kanka, kuma ya kamata yaro ya san haka kafin ya zauna gabansa. A Faransa dole a tabbatar da bizar dogon zama ta intanet cikin wata uku da sauka, sabunta katin zama kuma aikin ofishin gwamnati ne, wanda zai duba ko ana halartar aji ana kuma ci gaba. Jami'ar kirki takan kafa teburi ɗaya a farkon shekara, ta tara wakilan masu katin zama da na banki da na inshora, baƙo ya gama a yini ɗaya abin da zai ci masa wata biyu.

Akwai kuma wata igiya da ke naɗe sabon zuwa. Banki ya ce sai ka kawo shaidar wurin zama. Mai gidan haya ya ce sai ka kawo asusun banki da mai tsaya maka. Masu katin zama su ce sai ka kawo duka biyun. Ɗan gida bai ma san da wannan igiya ba, tunda adireshin ubansa ya warware ta tun ranar da aka haife shi. Faransa ta fito da wani tsari mai suna Visale da ke tsaya wa ɗalibi a wurin mai haya kyauta, amma sai wanda aka gaya wa zai nema.

Batun kuɗi, gara a yi lissafinsa da sefa tun a gida, da yake yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi. Faransa ta yi shekaru tana neman shaidar yuro 615 a kowane wata, wato jika 403 da ɗoriya, kowace jika sefa 1000. Jamus tun Satumban 2024 tana neman a kulle yuro 11,904 a asusu na shekara guda, kusan sefa miliyan 7 da dubu 800, a riƙa sakar wa yaro kaɗan-kaɗan duk wata. Masu cewa "ai zai yi aiki ya riƙe kansa" su sani aikin ma da awo yake: awa 964 a shekara a Faransa, awa 20 a mako a Amurka lokacin karatu, shi ma a cikin harabar jami'a. Abin da ke sauƙaƙa rayuwa a tsarin Faransanci shi ne resto, wato gidan cin abincin ɗalibai. An yi shekaru ana cin faranti a CROUS kan yuro 3.30, sama da jika 2 kaɗan, a Aljeriya kuwa tikitin ya daɗe a dinari 1.20, kuɗin da ko alewa ba zai saya a waje ba. Amma tikiti sai da kati, kati sai an gama rajista, rajista kuma takan ja makonni. Kwanakin nan na farko, lokacin da guzuri ke zuba kamar ruwa a kwando, su ne ba wanda ya yi musu kasafi.

Yanzu ga inda ni a ganina aka fi zaluntar baƙo, ba da gangan ba. Duk hidimomin jami'a an gina su ne a kan zaton cewa ɗalibi yana da gidan komawa. In hutu ya zo a kashe tukunyar resto, a kulle ɗakin shan magani, wani wuri a ce kowa ya kwashe kayansa a yi gyara. Ɗan Mirriya ko Matamaye zai hau mota ya yi la'asar a gidansu. Wanda gidansu ke bayan iyaka biyu fa? Hutu ma da sauƙi tunda an san ranarsa. Yajin aikin malaman jami'o'in Najeriya na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur. 'Ya'yanmu da ke Kano da Zariya da Sakkwato sun yi ta auna abu biyu: su zauna suna cin guzuri ba karatu, ko su dawo a janye yajin suna hanya. A gida ma mun sani, in rikici ya ɓarke tsakanin ɗalibai da hukuma, abu na farko shi ne rufe harabar, kamar yadda aka yi a Yamai a Afrilun 2017. Sanarwar takan ce kowa ya fita. Ba ta cewa ina za a je.

Don haka in ana auna jami'a, tambayar da ta fi "kuna da ɗakuna?" amfani ita ce "ɗakunan a buɗe suke wata goma sha biyu?" Amsar wannan takan nuna ko an taɓa zama an yi tunanin baƙo.

Lafiya kuma fuska biyu gare ta. Ta jiki an fi iya mata: Ingila tana karɓar fam 776 a shekara daga ɗalibi tun wurin neman biza don ya shiga asibitin gwamnati, Faransa tana sa shi cikin inshorar ƙasa in ya yi rajista, jami'o'in Amurka galibi suna tilasta sayen inshora, don kwana ɗaya a asibiti can yana iya cinye kuɗin gona. Ɗayar fuskar ita ce ba ma son ambata. Yaron da ya tashi cikin gida mai mutum ashirin, ba a taɓa barinsa ya ci abinci shi kaɗai ba, sai ga shi a ɗaki mai faɗin tabarma uku, rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe biyar, ba kiran salla, ba mai cewa "ina kwana". Jami'o'i da yawa suna da masu sauraron damuwar ɗalibai kyauta, cikin sirri. Namu ba sa zuwa. In ka ce su je, sai su ce, "Ni ba mahaukaci ba ne." A waya kuma kullum "lafiya lau", don kada hankalin inna ya tashi, har sai sakamako ya fito.

Harshe ba zan daɗe a kansa ba. Cibiyar koyon harshe tana da amfani, amma abin da ke kayar da yaro ya wuce nahawu: yadda ake rubuta aikin bincike, da dokar kwafar maganar wani ba a ambace shi ba, wadda wasu wurare kora ake yi a kanta. Wanda aka raina da hadda yana iya aukawa da zuciya ɗaya.

To wa ke cike giɓin? Ɗan Maraɗin nan mai silifas. Kusan duk garin da 'yan Nijar ke karatu akwai ƙungiyarsu, da ɗan asusun da ake tarawa duk wata. Su ke zuwa filin jirgi, su suka san wane ofishi ake fara shiga da asuba, su ke karo-karo in burs ta makara, abin da kowa ya san yana faruwa tunda shi ne rabin dalilin yajin USN, ƙungiyar ɗaliban Nijar. Su ke haɗa buɗa-baki, su ke neman limami in an yi rasuwa. Da ɗan gari akan ci gari, in babu ɗan gari sai wanda ya riga ka zuwa. Abin ba sabo ba ne. Azhar ta Masar ta yi ƙarnoni tana saukar da baƙi a ruwaƙai, wato sassan masaukin ɗalibai, kowace ƙasa da nata, da shehinta, da rabon gurasarta, har da na mutanen Barno. Bambancin shi ne can makarantar ta san da su ta ba su gurbi, yau kuwa jami'o'i da yawa sun jingina a kan aikin ƙungiyoyin nan ba tare da sun ba su ko teburi ba. Kuma kada a ɗauka ƙungiya ba ta da nata aibin. Babba yakan mayar da ƙarami ɗan aike, wani ya ba da shawarar da ta yi aiki shekara biyar da suka wuce alhali doka ta canza, 'yan mata kuma sukan sami masu tarba fiye da yadda suke buƙata.

Ranar da babban abu ya faru ne ake gane zurfin shirin kowa. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, dubban ɗaliban Afirka ta Yamma sun fita da motoci ta iyakar Masar ko ta Port Sudan, da yawa ba su ɗauko takardar sakamakonsu ba, shekarun karatu suka tsaya a ofishin da ba mai buɗewa. Mu ma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 mun ɗanɗana: iyakoki suka rufe, aika kuɗi ya yi wuya, Faransa ta daina ba da biza a Yamai, daga baya ta rufe ofishin jakadancinta a farkon 2024. Yaron da ya yi rajista da ofishin jakadancin ƙasarsa, ya kuma ɗauki hoton kowace takarda ya aika gida, ya fi ɗan'uwansa kwanciyar hankali nesa ba kusa ba.

Sai mu juyo da madubin. Mu ma masu masauki ne. Jami'ar Musulunci ta Say tun 1986 take karɓar ɗalibai daga ƙasashen Afirka, Maraɗi ta cika da 'yan Najeriya masu karatu a jami'o'i masu zaman kansu, Damagaram kuma tana da tata jami'ar tun 2010, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Andre Salifu, masanin tarihi ɗan garin nan da ya rasu a 2022. Kano ta fi mana Yamai kusa sau uku da wani abu. Amma kusancin nan yana da yaudara. Da yake yaron Kano ko Daura yana jin Hausa, yana salla a sahunmu, sai mu manta baƙo ne, mu ɗauka ba ya buƙatar komai.

Yana buƙata. A kasuwa Hausa, a aji Faransanci, duk da dokar 2025 da ta mayar da Hausa harshen ƙasa. Ya zo da WAEC ko NECO, mu kuma bak, jarrabawarmu ta gama sakandare, muka sani, sai an daidaita. Ya saba da maki bisa 100, a nan bisa 20 ne, ga tsarin LMD mai lisans a shekara uku, alhali a gidansu digirin farko shekara huɗu ne, kuma tilas ya tabbata takardar da zai koma da ita za ta karɓu, tunda ya ga yadda Najeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo a Janairun 2024. Kuɗin makarantarsa da sefa ne, aljihun ubansa da naira, ita kuma tun 2023 take zamewa. Burs ɗin ANAB, hukumar tallafin karatu ta Nijar, ta 'yan ƙasa ce. Ficewar Nijar daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025 ta sa yana tambayar matsayin takardunsa a kowane shinge, ko da yake ƙungiyar ta ce a ci gaba da zirga-zirga kafin a zauna. Ga abin da ba mai rubuta masa a takarda: cewa famfo a garin nan yana iya yin kwanaki bai ɗiga ba, sai ya ware kuɗin 'yan ga-ruwa kamar yadda yake ware na abinci, kuma ya yi allurar sanƙarau kafin zafi ya shigo, don daga Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023 kaɗai hukumar lafiya ta duniya ta ƙidaya mutum 559 da suka kamu a jihar nan, 18 suka rasu.

Wani yaro daga Kano ya taɓa zama a zaurenmu wata huɗu, lokacin da bai samu ɗaki ba. Ranar farko ɗan kabu-kabu ya kawo shi ya ce kuɗinsa ɗari. Yaron ya zaro ƙwandalar 100 ya miƙa, har da godiya. Ɗan kabu-kabu ya juya ta a tafin hannu ya ce, "Malam, wannan ai dala ashirin ce." Sai da na fito na raba, na zaunar da shi na koya masa cewa ɗarinmu sefa 500 ce, jika kuma 1000. Ya rubuta a bayan littafinsa kamar darasi.

Bayan mako biyu aka nemi ya kawo shaidar wurin zama, muka tafi wurin mai unguwa tare. Tsohon ya amsa gaisuwa, ya dubi yaron sama da ƙasa, bai tambaye shi me yake karanta ba, bai kuma karɓi katin jami'ar da yake miƙo masa ba. Ya ce, "Samari, wane ne mai masaukinka?" Yaron ya waiwayo ya dube ni. Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe." Ya ce to in wani abu ya taso, cikin dare ko da rana, ƙofata za a buga, na yarda? Na ce na yarda. Sannan ya sa aka ɗauko biro.